Wadda Ta Ce Mu Faɗa Musu

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabar sashenmu tana kwance a asibiti, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shi Ya ara mana ita, kuma Ya karɓi abinSa. Ina ofis maigidanta ya kira ni. Da na ajiye waya sai na waiga in faɗa wa wani, na ga ba kowa a ɗakin sai ni.

Yaya, haka nake kiranki duk da ba ciki ɗaya muka fito ba, yau ma haka zan kira ki.

Shekara huɗu da suka wuce aka haɗa mu mu shida, aka ce mu kwashe fom-fom ɗin gwamnati daga takarda mu mayar da su intanet, don mai neman takardar haihuwa ko tsohon da ke neman haƙƙinsa na fansho ya daina kwana uku a layi. Aka ba mu wani ɗaki a ƙarshen baranda a hawa na uku, inda a da ake jibge tsofaffin fayiloli, tagarsa ɗaya kuma bango take kallo. Ke ce shugaba, ke kika san kan kwamfuta. Ni aikina in sake rubuta tambayoyin cikin harshen da kowa zai gane.

Tun makon farko kika buɗe wani shafi a intanet da kowa zai iya karantawa. Duk Alhamis sai ki rubuta abin da muka gama, da abin da ya gagare mu, da abin da za mu gwada a mako mai zuwa. In an tambayi yadda za a yi da wata matsala, amsarki ɗaya ce: "Mu faɗa musu." Har sunan ya bi ki. Masu gadin ƙofa ma Hajiya Mu-Faɗa-Musu suke ce miki, kina amsawa.

Wata biyar kina rubutu, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Duk safiyar Jumma'a nakan ga kin buɗe shafin tun kafin ki ajiye jaka, ki duba ƙasa, ki rufe. Wata rana na ce miki, "Yaya, wa ke karanta wannan abin? Ke kaɗai kike surutunki." Kika yi dariya kika ce, "Ƙanwata, aikinsu muke yi. Ko ba su zo ba, a bar ƙofar a buɗe."

Wadda ta fara shigowa wata ungozoma ce daga wani ƙaramin asibiti mai nisa. Ta rubuta cewa fom ɗin haihuwa ya ƙi karɓar 'yan biyu. Da ta shigar da na farko, ta zo kan na biyu, sai ya ce ai an riga an rubuta wannan yaron, tunda uwa ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya. Mu shida da karatunmu, ba wanda ya tuna ana haihuwar tagwaye. Ban taɓa ganin mutumin da aka nuna wa kuskurensa ya yi murna irin taki ba. Kika gyara kafin la'asar, kika gode mata a fili, kuma daga ranar ba ki fitar da sabon fom sai kin aika mata ta gwada.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan faɗa. A shekara ta uku na canza wata tambaya a fom ɗin 'yan fansho ban gwada ba, na tafi gida. Kwana biyu fom ɗin yana ce wa tsofaffi an karɓa, alhali ba abin da ke isowa gare mu. Mutum ɗari biyu da sha huɗu, ga wa'adin rufewa saura mako ɗaya. Na zo na faɗa miki. Ba ki ɗaga murya ba. Kika tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara, kika jawo kwamfuta kika rubuta: "Mun yi kuskure. Duk wanda ya cika fom tsakanin Litinin da Laraba, bai iso mana ba, a yi haƙuri a sake cikewa." Mun yi, kika ce. Sunana bai fito ba, a can ko a wani wuri.

Darakta ya kira ki ya ce ki sauke rubutun, kin zubar wa ma'aikata mutunci. Kika ce masa, "Ranka ya daɗe, in na sauke, ta ina za su san su sake cikewa?" Aka ba ki takardar tuhuma. Cikin wata biyu aka ɗauke uku daga cikinmu aka kai wasu sassa, na huɗu ya nemi canji da kansa. Waɗanda a da suke leƙowa shan shayi suka koma wucewa da sauri kamar ana kiransu. Amma tsofaffin nan, da sanarwar da kuma wayar da muka dinga bugawa, duk sun sake cikewa kafin a rufe in ban da mutum shida, su ma kika bi ofis-ofis har aka karɓe su. Na yi ta niyyar in zauna in gode miki yadda ya kamata. Kullum sai in ce gobe.

Ko a gadon asibiti ba ki bari Alhamis ta wuce ba. Kina faɗa ina rubutawa a waya, kika ce in sanar fom ɗin canjin suna zai makara. Na ce mu bari sai kin warke. Kika girgiza kai: "Akwai masu jira."

Yanzu ni kaɗai nake buɗe ɗakin nan da safe. Tebur shida, kujera ɗaya ake ja. Alhamis ɗin da ta biyo bayan rasuwarki na kasa rubuta komai. Washegari na tarar da saƙon ungozomar nan, layi ɗaya: "Lafiya kuwa? Mun ji shiru." Ita na fara yi wa ta'aziyyarki a rubuce, matar da ba ku taɓa ganin juna ba.

Shekaranjiya na je gidanki. Maigidanki ya miƙo mini wayarsa ya ce in taya shi cike fom ɗin shaidar rasuwa, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya ce, "Ai duk na san fom-fom ɗin nan. Ni take ba wa in gwada. Cewa take in na iya, kowa ma zai iya." Muka zauna a falo, ina karantowa yana amsawa. Sai muka zo tambayar da ke cewa, mene ne dangantakarka da mamaci? Miji, mata, ɗa, uwa, uba, ɗan'uwa. Ni na rubuta jerin nan da hannuna. Na karanta shi har ƙasa ban ga inda zan sa kaina ba. Na danna masa "miji", muka wuce. Minti tara muka gama. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon inda aka rubuta an karɓa.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka. Ba ta ɓoye wa bayinKa gaskiya ba, ni kuma ta rufa mini asiri ranar da nake buƙata. Ka rufa mata nata, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya mata haske da abokin hira a cikinsa, Ka sa Aljanna ce makomarta.

Ga Inna, mahaifiyarta, da maigidanta, da 'ya'yanta biyu, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda ta saba tsayawa. In kuna yi mata addu'a, ku sa ni a ciki, ni ma na yi rashi.