Tsohuwa Mai Karatu a Waya

A bencin tashar mota, wata mai goyo tana satar kallon tsohuwar da ke gefenta. Tabaran tsohuwar ɗaure da zare, ta kara waya a kunne, wata likita daga nesa tana koyar da yadda ake gane ko jinjiri yana ji. Da alama ungozomar ƙauye ce, ga furfura amma tana bitar darasi kamar ɗaliba.

Can ta zagaya bayan goyon, ta kaɗa makullai. Jinjirin ya waiga.

"Yana ji sarai, 'yar nan. Ki riƙa yi masa hira."

Mai goyon ta daɗe da wannan fargabar, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta riƙo hannun tsohuwar don godiya.