Jajen da Kawu ya yi wa mutanen Kanto

Ina malamin gona a Isa aka tura ni Japan kwas na noman shinkafa. Kafin nan iyakar yawona a duniya Maraɗi ce, ita ma a bayan babur. Na yi 'yan watanni a yankin da suke kira Kanto. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu mai faɗinsa a ƙasar, duwatsu sun rufa masa baya ta yamma da arewa, teku ta tare shi ta gabas da kudu. A nan Tokyo take, da Yokohama, da garuruwan da suka manne wa juna har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Na dawo waya cike da hotuna, baki cike da labari, ina ganin ko hakimi sai ya aiko a kira ni.

Na iske gidana ya cika. Bayan tafiyata 'yan bindiga sun matsa wa ƙauyukan bayan Turba, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwaso iyalinsa ya taho. Mata da yara suka cika ɗakuna, ni da shi da sauran maza muka raba zaure, awakinsa da suka tsira suna ɗaure inda nake ajiye babur. Manomin gero ne da bai saba kwana a gari ba. Wuni yake a ƙofar gida yana kallon gabas.

Ran kasuwa bayan la'asar na sami masu saurare: maƙwabta, da wasu 'yan Kamarawa da ke jiran mota. Na fara da jirgin ƙasa na safe, inda ma'aikata masu farar safar hannu ke danna mutane ciki don ƙofa ta rufu. Na nuna wata mararraba a Tokyo, wadda in fitila ta ba da hannu jama'a ke kwararowa ta kowace kusurwa kamar an fasa gidan tururuwa. Na kawo hoton da na ɗauka daga ƙolin wata hasumiya, gidaje har iyakar ganin ido, babu ko kadada guda ta noma. Ina jiran kabbara. Kawu ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya daɗe.

"Su kuma wa yak koro su?"

"Ba wanda ya koro su, Kawu. Birni ne, can aiki yake. Da ƙafarsu suka zo."

"Mu ma ai da ƙahwarmu munka zo," in ji shi, ya miƙo mini wayar.

Na ce bari in fitar da su daga cunkoso in kai su wuraren shaƙatawa. Na ba su labarin Hakone, inda ruwa ke tafasa daga ƙarƙashin ƙasa yana wari, ana dafa ƙwai a ciki ɓawonsa ya koma baƙi ƙirin, mutane na bin layi su saya. Kawu ya ce wanda ya rasa icce ba abin da ba ya yi. Na nuna dutsen Fuji da farin kansa. Wani ɗan Kamarawa ya tambaya me ya sa akwai fitila a saman dutsen, dole na bayyana cewa ran da aka kai mu gajimare ya rufe shi, wannan hoton na jikin bangon tasha ne na ɗauka. Gunkin Kamakura kuwa, mai tsawon bene, ina taɓo shi limamin unguwarmu ya tuna yana da alwala da zai sabunta.

Hoton da na ajiye don dariya shi ne na ƙarshe. Wata gona ce a bakin birni, inda ma'aikatan ofis ke zuwa ran hutu da 'ya'yansu, su biya mai gona don ya bar su su haƙi kudaku, wato dankalin Hausa, da hannunsu. Ga wani nan da tabarau, ya durƙusa, ya ɗaga dankali guda sama yana washe baki. Kowa ya yi dariya ban da Kawu.

"Ka gani ko? Kewar gona ta. Ni yanzu a ce in biya a bar ni in yi huɗa guda cikin tawa, kana cewa ba ni biya?"

Daga ranar ya yanke hukunci: ƙasar 'yan gudun hijira aka kai ni, kunya ce ta hana su gaya mini.

Bayan 'yan makonni malamin da ya koyar da mu a Japan, wani dattijo mai furfura, ya kira ni ta bidiyo da hantsi, can kuwa yamma ta yi. Da Turanci muke magana. Kawu ya matso ya leƙa, ya gyara hula.

"Hwaɗa mai ina yi musu jaje. Allah shi maishe su garuruwansu, kowa shi noma gonar ubanai."

Na so in ce kawuna yana gaisuwa kawai, amma ya tsare ni da ido, sai na fassara yadda ya faɗa. Dattijon ya ce ƙauyensu yana cikin duwatsun da ke bayan filin Kanto. Makarantar da ya yi an rufe ta don babu yara, gidaje a kulle, tsofaffi kaɗai suka rage, birai da aladun daji ke cin gonakin. Ya ce shi kansa ya daɗe bai je ba, kuma ba wanda ya taɓa yi masa jaje. Ya sunkuya har muka daina ganin komai sai tsakar kansa.

Na mayar wa Kawu da Hausa. Bai yi mini kallon na gaya maka ba, abin ya fi haka a wurinsa.

"Birai? To tasu ta hi tamu. Mu ko ba komi mun san wanda za mu haɗa da Allah."

Da ruwan farko ya sauka Kawu ya fara sammako zuwa gona tare da 'yan ƙauyensu, su yi shuka su dawo kafin rana ta yi sanyi. Noman shinkafar da na je koyo bai taɓa tambayata a kai ba. Wata safiya dai ya ƙulle irin gero a tsumma ya ba ni, ya ce a kai wa dattijon nan, biri bai cika son gero ba in ya bushe. Na ce masa ƙasar da nisa, kuma ba a barin a shiga da iri.

"In ba ka iyawa ni za ni tasha," in ji shi. "Ba a rasa direba mai zuwa wajen."