Pawa mai nauyi

Tun zamanin rediyo mai akwatin katako ake kiransa Baba Mai Rediyo. A wajen maigidansa ya koyi cewa kayan wuta na kirki nauyi gare su, saboda jan ƙarfen da ke ciki. Ko da sana'a ta koma gyaran kwamfuta, bai daina auna kaya a tafin hannu ba.

Wata rana kwamfutar 'yarsa, wadda take buga wa mutane takardu da ita, ta ƙi tashi. Ya saurara, fankar cikinta ba ta juyawa. Ya ce pawa ce ta mutu, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta.

A kasuwa, wajen sayen sabuwar pawa, 'yar ta ce, "Baba, mu karanta ƙarfinta da aka rubuta a jikinta mana."

"Ke dai tsaya ki gani," in ji shi. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan, ya zaɓi mafi nauyi.

Ya ɗaura, ya kunna a gaban masu jiran aiki. Sai ƙauri da hayaƙi, har babban allon ciki ya ƙone. Da ya kwance pawar, ya tarar da guntun ƙarfe manne a gefe, an sa don nauyi kawai.

"Ba komai, Baba," in ji ta, tana sallamar mutane.

Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi. Ya tattara kayan aikinsa, bai ɗago kai ba. A bakin ƙofa ya ce a hankali, "Kada ki gaya wa uwarki."