Miyar Madam Perrin

Raliatou 'yar Damagaram ce. Karatun kimiyyar abinci ya kai ta Paris, tana zaune wajen gwaggonta a Clichy-sous-Bois, a lokacin hutu kuma tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ita ke tura keken abinci daga kicin zuwa ɗakuna. Kafin ta miƙa kowane kwano sai ta tsoma ma'aunin zafi a ciki, domin abincin da ya huce ya daɗe a ajiye yana iya kwantar da tsoho, har ya kashe shi.

A bene na uku akwai Madam Perrin, tsohuwar tela mai cin abinci a hankali. Kullum miyarta sai ta huce, Raliatou ta sauka ta canzo mata mai zafi.

"Kina wahalar da ƙafafunki, 'yata," in ji tsohuwar.

"Ba komai, Kaka," Raliatou kan ce da Hausa, har Madam Perrin ta koyi kalmar.

A watan Agustan 2003 aka yi zafin da Faransawa ba su saba da shi ba. Firigo, na'urar sanyaya abinci, ya riƙa gurnani, ma'aikata suna ta fama kada madara da nama su lalace. Wata rana da azahar Raliatou ta shiga ɗakin Madam Perrin a gaggauce, ta same ta zaune a kujera tana fuskantar taga. Ta auna miya, ta ajiye, ta gyara mata cokali, har ta ba ta labarin zafin Damagaram, sannan ta wuce ɗaki na gaba. Da ta dawo ɗaukar kwano, komai yana yadda ta bar shi. Likita ya ce tun kafin a kawo abincin rai ya fita.

Babu ɗan'uwan da ya zo. Raliatou ta bi gawar har maƙabarta ita da ma'aikatan gari.

Bayan ta gama karatu ta auri Moutari, suka koma Les Minguettes, gefen Lyon, ta zama mai kula da kicin a wani gidan tsofaffin. Tura keke ba aikinta ba ne yanzu, amma kullum tana bin sa a baya. Ba ta barin ɗaki sai mai ɗakin ya amsa mata da baki. Idan ta hango farin gashi ta bayan kujera, sai ta zagaya ta duba fuskar mai shi.

Wata rana Moutari ya ce, "Ki nemi aiki a kicin ɗin makaranta mana. Can yara ne, sai hayaniya."

Ta ci gaba da yanka albasa. Can ta ce, "Malam, na yi hira da gawa, har da dariya, ban sani ba."

Bai sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da aiki a gidan har ciwon baya ya ajiye ta a 2017.