Ranar da Rumbun Baba Ya Yi Fili

Shekarun baya, lokacin ina gyaran rediyo da waya a Ƙanƙara, ina da wani aboki mai haukan jita. Ba kiɗan biki ba, a'a, kiɗan turawan karkara masu kiwon shanu ne ya ji a waya ya maƙale masa, irin wanda tsirkiya ke fita ƙarau kamar an ƙwanƙwasa tasa. Amfilifayarsa, wato akwatin ƙara sauti, 'yar mitsitsiya ce mai batir. Ni ne injiniyansa na ɗaukar sauti, wai, alhali abin da na iya kawai riƙe waya hannuna bai rawa.

Burinsa ɗaya ne, ya ɗauki muryar mahaifinsa yana waƙa shi kuma yana bin sa da jita. Tsohon manomi ne a wani ƙauye bayan Sheme, shi kaɗai ya rage cikin masu waƙar gayya a wajen, ga tsufa ya fara cin muryar.

Sauti ne ya hana mu sakat. A ɗakin kwano rufi ya yi ta zuza, a fili kuma iska ta kwashe, abin ya fito siriri ba daɗi. Ran nan da wasa na tura amfilifayar cikin rumbun ƙasa na mahaifiyata da babu komai ciki, na rage ƙara zuwa rabi, na riƙe waya a bakin rumbun. Abokina ya kaɗa kusa da gindin tsirkiya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Muka hau babur sai ƙauye, don tsohon ba ya zuwa gari. Muka tarar rumbunsa maƙil da dammunan dawa.

Abokina ya ce, "Baba, a ɗan fitar da hatsin mana, yini guda kawai."

Tsoho ya dube shi. "Kai, kana da hankali kuwa? In zubar da abincin gida a tsakar gida saboda wanga garaya taka? Ga inuwar tsamiya, ku zo in yi maku yanzu."

Na ce mu yi mana. Abokina ya ƙi. Wai ba zai ɗauki muryar ubansa da sautin gwangwani ba, a bari damina ta yi nisa rumbu ya sauka. Na ji haushi, muka juyo gari.

Ba a kai damina ba. 'Yan bindiga suka shiga ƙauyen da rana tsaka, suka kora shanun huɗa, suka kwashe hatsi tas. Allah ya tsare rai. Da muka je jaje, bayan an gaisa, tsohon da kansa ya nuna mana rumbun da haɓa.

"Ga shi nan ya yi fili. Ku sa abin naku."

Muka sa. Sautin ya fito yadda ba mu taɓa ji ba. Abokina ya yi sharar fage, ya sassauta hannu don Baba ya shigo. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Aka sake zagayowa, shiru. A na uku ya girgiza kai.

"Ɗan nan, waƙar ta cikar rumbu ce. Mi zan ce?"

Ya koma kan tabarmarsa. Kafin kaka ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa, bai ƙara waƙa ba.

Ban taɓa ɗora wa abokina laifi ba, ƙauna ce ta sa shi son ya yi wa ubansa abu mai kyau. Sai dai tun daga nan, in tsoho ya ce min yanzu, ba na ce masa gobe.

Abin da muka ɗauka yana nan a wayata. Duk wanda na kunna wa sai ya ce kai, jitar nan ta fita. Sannan ya tambaye ni me ya sa mai kiɗan yake ta tsayawa, kamar yana jiran wani.