Na tafi suna, na bar gwajin jini

Likita ta ɗago daga takardata ta ce, "Hajiya, ina kika shiga ranar Talata?"

Na ce, "Suna na je Ƙafin Maiyaki, ƙanwar maigidana ta haihu."

Shekara tara ina neman haihuwa. Da ban je ba, cewa za a yi baƙin ciki nake.

Ta ce, "Allurar nunar da ƙwai da kike yi, da gwajin jini muke bin ta. Da kin zo, da mun ga sinadarin jikinki ya hau, mun canja magani. Yanzu ƙwayayen sun riga sun fita. Sai dai mu sake daga farko."

A gidan sunan kuwa, wanke-wanke na wuni ina yi. Wallahi ko sannu ban samu ba.

'Yan'uwa mata, ku faɗa min: me gudun bakin mutane ya taɓa jawo muku?