Dariyar Yaya a Filin Dambe

Dariyar nan da yake yi idan an buge shi, ta jarumta ce ko ta tsoro? Na zauna da shi har tsufa, kuma har yau da jikata ke rubuta maganata a nan Riyad, ban sani ba.

A kakar shekarar da rumbunmu ya rushe, ina yarinya, muna sussukar gero a ƙofar gida, sai wani tsohon soja da ya je yaƙin Turawa ya zauna a gindin tsamiya yana ba samari labari. Ya ce a Amurka an yi wani baƙin mutum, shi ne baƙi na farko da ya zama zakaran damben manya na duniya. Turawa sun cika fili suna zaginsa, abokin karawarsa na dukansa, shi kuwa sai dariya, haƙorin zinariya na walƙiya. Da ya yi nasara aka bi baƙaƙe a tituna ana karkashewa, daga baya shi ma ya gudu ya bar ƙasarsa. Ni kisan na riƙe. Ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, dariyar ya riƙe.

Mu mahauta ne, kuma a gidanmu idan makaɗi ya buga takenka, ba ka zama. Ran kasuwa aka buga taken da baban Yaya ya bar masa, ga wani ƙaton baƙo tsaye a fili ya ɗaure hannu. Na yar da tallan ƙosaina na kama rigarsa. "Sake ni, Kande, idan kin ji tsoro rufe ido," ya ce. Na ga bugun farko, na ga jini a bakinsa, na ga yana dariya. Sai na tusa kai cikin zanen innata, ban ɗago ba har kalangu ya yi shiru. Ya tashi da ƙafarsa, amma kunnensa na hagu bai sake ji ba.

Shi na aura. Duk damben da ya yi bayan nan, idona a rufe yake.

A da, ƙura ce da kalangu. Yanzu autana direba ne a unguwar Ulaya ta nan Riyad, shi ya kawo mu, jikokina na kallon damben ƙattai a talabijin suna ihu da Larabci, ni kuwa sai in juya wa bango fuska ina kuka. Bara, a ɗakinmu na unguwar Sulay, ciwon ajali ya kwantar da Yaya. Wata rana da azahar na ga dariyar nan ta dawo bakinsa, na kai mayafi fuskata. Ya kama hannuna da hannun da yake ɗaurewa, ya ce, "Kande, yau kam kada ki rufe ido."